Idan Totur Ya Daina Jin Magana: Abin da Uwargida Za Ta Sani Kafin a Sayo Sabon Kaya

 Yau za mu ɗan ajiye zancen girki da tarbiyya, mu leƙa cikin bonet ɗin mota. Don Allah kada ki ce wannan aikin maza ne ki wuce.

Idan gidanku yana Darna Sabon Gari, ko wani gari cikin ƙaramar hukumar Illela, kin san matsayin mota a gida. Daga nan zuwa Sakkwato tafiyar fiye da kilomita 80 ce, ta Gwadabawa da Kware. Ranar da naƙuda ta zo da gardama, ko yaro ya yi zazzaɓi har ya fara suma, aka ce a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tsohuwar motar nan da ke ƙofar gida ita za a dogara da ita bayan Allah. Idan kuma ta lalace, sau da yawa kuɗin gyaranta daga adashinki yake fita, ko daga ragon da kike kiwo don Babbar Salla.

Ko ke kike tuƙi, ko Maigida, ko babban ɗanki, kina da haƙƙin sanin abin da za a kashe wa kuɗi. Matsalar da za mu duba yau ita ce ta totur mai aiki da lantarki, wadda ta yawaita a motocin da suka haura shekara goma sha biyar. Abu ɗaya nake so ki riƙe: ba a canza wannan kaya sai an gwada an tabbatar shi ne ya mutu. An sha sayen sabo a banza, alhali laifin na datti ne, ko na waya, ko na batir.

Yadda abin yake aiki

Kin san idan kina girki a murhu, wuta ba ta ci sai da iska. Idan kika sa mafici kika fifita sai ta ruru, idan kika daina sai ta lafa. Injin mota ma haka yake, fetur da iska yake haɗawa ya ƙona. Ƙofar da iska ke bi ta shiga inji ita ce masu sayar da kayan mota ke kira totur-bodi. Mu a nan za mu kira ta maƙogwaron inji. A cikinta akwai wani ɗan faifan ƙarfe da ke buɗewa da rufewa. Idan ya buɗe sosai mota ta yi gudu, idan ya kusa rufewa ta koma silo, wato ƙarar da inji ke yi a hankali lokacin da mota ke tsaye.

A tsofaffin motoci irin su Peugeot 504 da Golf 3, wayar ƙarfe ce ta taso daga totur ɗin da ake takawa zuwa wannan faifai, kamar wayar birkin keke. Ka taka, waya ta ja, faifai ya buɗe. Daga ƙarshen shekarun 1980 kamfanin BMW na Jamus ya fara sa na lantarki a manyan motocinsa, kuma bayan shekarar 2000 sauran kamfanoni suka bi sahu.

A sabon tsarin babu wayar ƙarfe. Abubuwa uku ne ke aiki tare. Na farko, a jikin totur ɗin da ke ƙarƙashin ƙafa akwai sensa, wato ɗan ma'aunin da ke gane iya yadda aka taka. Na biyu, kwamfutar mota, wadda makanikai ke kira birenbos, ita ke karɓar saƙon ta yanke hukunci. Na uku, a jikin maƙogwaron akwai ɗan injin lantarki da haƙoran roba da ke juya faifan, da sifirin mai mayar da shi, da kuma wata sensa da ke gaya wa kwamfuta cewa an buɗe kaza.

Saboda abu ne da ya shafi rai, kowace sensa biyu-biyu aka yi ta, kamar shaidu biyu. Idan maganarsu ta zo ɗaya, kwamfuta ta yarda. Idan suka saɓa, sai ta ƙi amincewa da kowannensu, ta rage wa inji ƙarfi, ta bar mota tana jan jiki. Wannan shi ne tafiyar ɗingishi. Da gangan kwamfutar ke yin haka, don kada mota ta kwasa da gudu bisa saƙon ƙarya.

Motar gidanku wace iri ce?

Yawancin motocin da ke yawo tsakanin Illela da Birnin Ƙonni 'yan gwanjo ne da suka fito daga Turai ko Amurka. Da yawa ta tashar Kwatano suka sauka, kafin gwamnatin Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017. Cikin motocin Amurka, Toyota Camry ta koma totur mai lantarki daga ƙirar 2002, Sienna daga 2004, Corolla daga 2005, Honda Accord mai silinda huɗu kuma daga 2006. Kin ga ke nan Corolla biyu za su iya yin kama da juna a ido, ɗaya 'yar 2004 ɗaya 'yar 2005, amma cikinsu ya bambanta.

Hanya mafi sauƙi ta ganewa ita ce a buɗe bonet, mota a kashe. Ki nemi baƙin akwatin robar da matacin iska ke ciki, ki bi babban tiyon da ya fito daga shi da ido har inda ya haɗu da inji. Wannan mahaɗa ita ce maƙogwaro. Idan kin ga wayar ƙarfe ta naɗe wani ɗan rabin gargare a gefensa, tsohon tsari ne. Idan murfin baƙar roba kika gani da soket mai wayoyi, galibi shida, to na lantarki ne.

Alamomin da za ki lura da su

Ba sai kin iya tuƙi za ki gane waɗannan ba. Wadda ke zaune a kujerar baya da yara ma tana jin su a jikinta.

Silo ya rikice. Inji mai lafiya, idan ya ɗumama, yakan tsaya tsakanin juyi 600 zuwa 900 a minti. Idan allurar ta riƙa hawa da sauka mota na tsaye, ko ta yi sama ta ƙi sauka, akwai magana.

Mota tana mutuwa idan an rage gudu, misali a shingen bincike ko a kan tudun rage gudu, ko da zarar an kunna na'urar sanyi.

An taka totur amma sai ta yi jim kafin ta amsa, ko ta riƙa fizga kamar jaki mai gardama.

Ana cikin tafiya ƙarfi ya ɗauke gaba ɗaya, a taka har ƙasa amma ta ƙi gudu. An kashe an sake tayarwa ta dawo daidai, bayan kwana biyu ta sake.

Fitilar cek-injin ta kunnu a gaban direba. A motocin Volkswagen wata fitila ce mai haruffan EPC, a wasu motocin Amurka kuma alamar walƙiya ce.

Shan mai ya ƙaru ba tare da an ƙara zirga-zirga ba. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga aljihun kowane gida.

Duk lokacin da kika ga ɗaya daga cikinsu, ki ɗauki wayar nan da ke hannunki ki yi ɗan bidiyon fitilun da allurar. Ki kuma riƙe lokacin da abin ya faru: da safe ne inji da sanyi, ko da tsakar rana, ko bayan an wanke inji, ko bayan an sha mai a wani wuri? Irin wannan matsala takan ɓuya da zarar an isa gareji, kamar yaron da zazzaɓinsa ke sauka a ƙofar asibiti. Bidiyonki ne zai zama shaida.

Masu kama da shi amma ba shi ba ne

Ga inda kuɗi ke zurarewa. Duk alamomin da muka lissafa, wasu abubuwa masu araha ma suna kawo su.

Datti shi ne na farko. Tururin baƙin mai daga cikin inji yana bi ta wannan hanya, ya haɗu da ƙura, ya zama baƙin danƙo a gefen faifan, kamar yadda gindin tukunya ke yi. Ƙofar da iska ke bi lokacin silo siririya ce ƙwarai, ɗan datti kaɗan ya isa ya toshe ta. A ƙasa irin tamu, inda hunturu ke zuba ƙura wata da watanni, kuma hanyoyin ƙauyuka yashi ne, wannan datti yana saurin taruwa.

Na biyu batir. Kwamfuta da sensa suna son wuta tsayayya. Batir mai lafiya yakan nuna kusan bolt 12.6 mota a kashe, idan inji na aiki kuma tsakanin 13.5 da 14.5. Zafin bazarar Sakkwato, wanda ke haura digiri 40 a watan Afrilu, yana saurin cinye batir. Kan batir da ya yi farin gari ko ya saki ma ya isa ya rikita kwamfuta.

Na uku wayoyi da soket. Zafi yana busar da robar waya ta tsage, ɓera yana gwaguyar ta musamman idan ana ajiye mota kusa da rumbu ko buhunan hatsi, ruwan wankin inji mai ƙarfi kuma yana shiga soket ya sa tsatsa.

Na huɗu tiyon iska da ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya gani, ko matacin iska da ya toshe, ko sensar da ke auna iskar ta yi datti.

Na biyar mai. A watan Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, kuma mutanen garuruwan iyaka sun san yadda aka koma ga 'yan bumburutu. Man jarka ko na kwalba yakan zo da ruwa ko datti. Fetur ba ya bi ta cikin wannan maƙogwaro, amma gurɓataccen mai yana toshe nozul ya gajiyar da famfon mai, sai mota ta riƙa fizga kamar mai ciwon totur. Tsofaffin fulogi ma haka suke yi.

Yadda bincike ya kamata ya tafi

Likitan kirki ba ya kai mutum tiyata kafin awo. Ga tsarin da za ki nemi a bi, ko ki tura wa Maigida ta WhatsApp kafin ya tafi gareji.

Mataki na farko, a sa kwamfuta. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, motocin fetur na Turai ma sun bi daga farkon shekarun 2000. Nan ake jona sikana ta karanto lambar ciwo. Kada a cire kan batir kafin a yi wannan, domin a motoci da yawa cirewar tana goge lambar. Akwai ma ƙananan sikana irin ELM327 da ke haɗuwa da wayar hannu ta Bluetooth, ɗanki mai son latse-latse zai iya koyon karanta ta.

Ga lambobin da suka shafi zancenmu. P0120 zuwa P0123 suna nuni ga sensar maƙogwaro ko wayoyinta. P2135 na nufin shaidun nan biyu na maƙogwaro sun saɓa. P2138 na nufin saɓanin yana totur ɗin ƙafa ne. P2111 faifai ya maƙale a buɗe, P2112 ya maƙale a rufe. P2101 kuma ɗan injin lantarkin ne ba ya aiki yadda aka umarce shi. Ki lura da bambancin P2135 da P2138: ɗaya a cikin bonet yake, ɗaya a ƙarƙashin ƙafar direba. Wanda bai karanta lamba ba zai iya canza na bonet alhali ciwon yana ƙasa. A ɗauki hoton fuskar sikanar kafin a goge komai.

Amma lamba unguwa kawai take nunawa, ba ta nuna gida. Don haka sai mataki na biyu: a auna batir da cajinsa, a tsaftace kan batir, a duba wayar da ta haɗa batir da jikin mota, a duba fiyus.

Mataki na uku, a zare soket ɗin maƙogwaro da na totur a duba tsatsa ko haƙorin da ya lanƙwashe. Wannan aikin mai riwaya ne. Ya sa mita ya tabbatar bolt 5 da kwamfuta ke aika wa sensa yana isowa. Ya kuma girgiza wayoyin a hankali inji na aiki. Idan ƙarar inji ta canza, an kama ɓarawo.

Mataki na huɗu, a cire tiyon iska a lanƙwasa shi a ga ko ya tsage, a duba mataci, sannan a wanke maƙogwaro. A kashe mota, a zare makulli, a cire kan batir tukuna, domin ɗan injin nan yana da ƙarfin da zai datse yatsa. A fesa ruwan wankin maƙogwaro na gwangwani a jikin tsumma mai laushi a goge. Kada a kankare da sandifefa ko wuƙa, kada a tsoma kayan gaba ɗaya cikin fetur, kada a fesa ruwa wajen murfin robar da lantarki ke ciki, kuma kada a taɓa ɗan kusar da kamfani ya saita.

Mataki na biyar, gwajin gaskiya. A buɗe makulli ba tare da tayar da inji ba, a sa sikana ta nuna abin da sensa ke faɗi, a taka totur sannu a hankali har ƙasa a sake shi. Lambar ya kamata ta hau sumul ta sauko sumul. Idan ta yi tsalle, ko ta faɗi ta dawo a wani wuri, sensar ta cinye. Tsofaffin sensa suna da ɗan harshe da ke gogar wata hanya a ciki, kuma wurin da aka fi taka totur a kai shi ke fara lalacewa.

Idan an yi duk wannan, an goge lamba, an zaga da mota, lambar ta dawo, to yanzu ne zancen saye ya taso.

Tambayoyi uku kacal za su wadatar da ke, kuma cikin ladabi: "Malam, wace lamba kwamfuta ta nuna?" "An duba batir da wayoyi, an wanke?" "Idan an canza matsalar ba ta tafi ba, yaya za mu yi?" Makaniken da ya san aikinsa ba ya jin haushin waɗannan. Matambayi ba ya ɓata.

Idan saye ya zama dole

A motoci da yawa masu wannan tsari, sensa da ɗan injin lantarki a haɗe suke da maƙogwaro, ba a sayar da su daban. Sai dai a canza gaba ɗaya. Haka sensar ƙafa, galibi tare da totur ɗin take zuwa.

Zaɓi uku ne a kasuwa. Akwai sabo na kamfanin mota ko na kamfanin da ya ƙera masa, irin su Denso da Aisan da Bosch, shi ya fi tsada kuma ya fi ƙarko. Akwai ɗan Beljiyam, wato na asali da aka ciro daga wata mota a waje, irin wanda ake samu a Ƙofar Ruwa ta Kano, da Panteka ta Kaduna, da Ladipo ta Legas. Akwai kuma sabo marar suna mai kwali mai ƙyalli. Ɗan Beljiyam mai lafiya sau da yawa ya fi wannan na ukun, amma ki tuna shi ma shekarunsa sun kai na wanda ya mutu. Araha ba ta ado.

Kafin a biya kuɗi, a yi waɗannan. A ɗauki hoton lambar da ke jikin tsohon kayan. A Toyota, lambar irin wannan maƙogwaro takan fara da 22030. A ɗauki hoton lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ke gindin gilashin gaba ko jikin ƙofar direba. Motar Amurka da ta Turai suna iya zama suna ɗaya, shekara ɗaya, kayansu daban, kuma a garin iyaka duka biyun suna nan. A tafi da tsohon a jera su, a ƙirga haƙoran soket, a dubi ramukan kusoshi. Idan saƙo za a yi daga Sakkwato ko Kano a ba direban tasha ya kawo, a tura hotunan tukuna. A yi sharaɗi a gaban shaida cewa idan bai yi ba cikin kwana kaza za a mayar, a kuma karɓi rasit. A tambayi farashi wuri uku kafin a tsaya.

Wajen ɗaurawa, a bari inji ya huce, domin a motoci da yawa ƙananan tiyo biyu na ruwan lagireto suna ratsa jikin maƙogwaron, kuma ruwan yana ƙuna. A cire kan batir. Kusoshi huɗu ne galibi. A sa sabon gaskit, kada a cika wurin da gam, domin iska na iya satar hanya ta rikita silo. A ɗaure kusoshin daidai wa daida ba da ƙarfin tsiya ba, a mayar da tiyo da soket har a ji ya yi ƙas, a ƙara ruwan da ya zube.

Saura mataki ɗaya da ake yawan mantawa. Kwamfuta ta saba da tsohon kaya da dattinsa, dole ta koyi sabo. Toyota da yawa suna koya da kansu idan an bar su a silo na ɗan lokaci aka kuma yi tafiya. Nissan tana da nata tsarin koyarwa, Volkswagen kuma sikana ake sa mata a saita. Idan aka tsallake wannan, silo zai iya yin sama, a ce sabon kaya ba shi da kyau, a sake sayen wani. Ko wanki kawai aka yi, wannan koyarwa tana iya zama dole.

A ƙarshe, a yi gwajin hanya tare da makanike, da na'urar sanyi a kunne, a sake sa sikana. Ki ce a dawo miki da tsohon kayan gida. Kuɗinku ne, kuma ganinsa ne tabbacin an canza.

Idan abin ya faru a kan hanya

Hatsarin wannan ciwo shi ne lokacin da yake zuwa. Ki ɗauka ranar Lahadi ce, kasuwar Illela na ci, tirelolin shanu sun cika hanya, direba ya fito zai wuce ɗaya, sai ƙarfi ya ɗauke. Saboda haka motar da ta taɓa shiga tafiyar ɗingishi, kada a wuce babbar mota da ita, kada a yi tafiyar dare, kada a ɗauki yara zuwa nesa sai an gyara.

Idan ƙarfi ya ɗauke, a kunna sigina biyu, a gangara gefe sosai, a kashe mota. A fitar da yara ta ƙofar da ba ta kallon titi, a ajiye alamar nan mai kusurwa uku a baya. Bayan minti ɗaya ko biyu a sake tayarwa. Idan ta dawo daidai, a lallaɓa zuwa gari mafi kusa. Dawowar ba warkewa ba ce.

Idan kuwa akasin haka ne, mota ta kwasa da gudu ta ƙi lafawa, ga abin yi, kuma ki karanta wa duk mai tuƙi a gidanku. A danne birki da ƙarfi a riƙe, kada a riƙa ɗagawa ana takawa. A mayar da giya kan N, idan mai kuloci ce a taka kuloci. Inji zai yi kururuwa, a ƙyale shi. A gangara gefe a tsaya, sannan a kashe. Kada a zare makulli mota na tafiya, domin sitiyari zai kulle.

Akwai darasi daga Amurka. A watan Agustan 2009 mutum huɗu 'yan gida ɗaya suka rasu kusa da birnin San Diyego a cikin motar Lexus, bayan tabarmar ƙafa wadda ba ta motar ba ta danne totur. Toyota ta janye miliyoyin motoci a 2009 da 2010 saboda tabarma da kuma totur mai maƙalewa. Injiniyoyin hukumar NASA sun binciki lantarkin motocin, kuma rahoton Fabrairun 2011 bai gano laifi a cikinsa ba. A 2014 kamfanin ya amince ya biya tarar dala biliyan 1.2 kan yadda ya ɓoye wa jama'a bayani. Abin da ya shafe mu a ciki yana gaban idonmu. Mu ne ke shimfiɗa kafet kan tabarma don kada mota ta yi datti, 'ya'yanmu ne ke yar da gorar ruwa da takalmi su gangara ƙarƙashin ƙafar direba. Wajen direba tabarma ɗaya tak, a maƙale ta da ƙugiyarta, kuma a share wurin kafin kowace tafiya.

Rigakafin da ke hannunki

A duba matacin iska duk lokacin da aka yi juyen baƙin mai, a hunturu kuma a ƙara dubawa. Idan ya yi baƙi a canza, kada a yarda a cire shi a bar inji yana shaƙar ƙura. A daina watsa wa inji ruwa mai ƙarfi a wurin wanki, tsumma ya isa. A nisantar da mota daga buhunan hatsi. Batir ya fara ja da safe, a auna shi. Fitilar cek-injin ta kunnu, kada a manna mata baƙin tef, kada a yarda a cire ƙwanta. Ita ce bakin da mota ke magana da shi.

Ki sami ɗan littafi ki ajiye a aljihun mota, ko ki buɗe wuri a wayarki, ki riƙa rubuta ranar gyara, da lambar da kwamfuta ta nuna, da abin da aka canza, da kuɗin da aka biya. Bayan shekara guda wannan littafi zai hana a sayar muku da abu ɗaya sau biyu. Idan kuma akwai mai juna biyu a gida da watanta ya kusa, ko mai jinya, a kai mota a duba ta tun yanzu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan motar gidanku ta taɓa yin irin wannan, ki rubuto mana a wurin sharhi da ke ƙasa: irin motar, da shekararta, da lambar da aka gani, da abin da ya warkar da ita. Wata 'yar'uwa za ta amfana. Allah Ya kiyaye hanya, Ya kai mu gidajenmu lafiya, Ya raya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.